Idan Ruwa Ya Ragu a Bututun Teku, Kada Ku Yi Murna

Ƙannena da ke shirin shiga aikin mai a teku, musamman waɗanda za a zaunar a ɗakin sa ido, ku san ƙanƙarar gas, wadda ma'aikata ke kira haidiret. Idan ruwa ya haɗu da gas a wuri mai sanyi da matsi mai yawa, sai ya sandare ya kulle gas ɗin a cikinsa, ko da sanyin bai kai na daskarewar ruwa ba. A filayen mai masu zurfi irin Bonga na tekun Najeriya, inda teku ya haura mita 1,000, sanyin ƙasa yana wajen digiri 4. Tun 1934 wani masani mai suna Hammerschmidt ya nuna ita ce ke toshe bututan gas a Amurka, amma har gobe tana shammatar mutane.

Ni ma ta shammace ni. An tsayar da wata rijiyar mai, layin, wato bututunta, ya huce, muka sake kunna ta da dare. Can sai na ga ruwan da ke isowa tankin da ke raba mai da ruwa ya ragu sosai. Na ji daɗi, don a wannan aiki ruwa wahala ce kawai. Matsi kuma yana ɗan hawa ta ɓangaren rijiya, yana tsalle yana komawa, na ce ai ma'aunin ne ya fara shirme. Ashe rijiya ba ta rage ruwanta ba, a hanya yake maƙalewa yana zama ƙanƙara. Tsallen kuwa, guntaye ne ke taruwa su karye su sake taruwa. Kafin gari ya waye layin ya kulle. Da na haɗa alamun biyu wuri guda, da na ƙara metanol, sinadarin da ke hana ƙanƙarar haɗuwa, na tashi shugabana daga barci. Kunyar tashinsa ce ta hana ni, kuma wannan kunya tsada gare ta.

Ku iya bambanta ta da kakin ɗanyen mai. Kaki a hankali yake taruwa, makonni ko watanni. Haidiret cikin sa'o'i take gama aikinta, galibi bayan an tsayar da layi an sake kunnawa. Saboda haka duk wanda ya karɓi aiki ya tambayi tun yaushe aka tsayar, kuma nawa ya rage kafin bututu ya huce.

Gano inda ta tsaya wani aiki ne daban. Ana tura na'urar nutso ta bi bututun da ma'aunin hasken gamma mai ratsa ƙarfe, ko a aika bugun matsi a lissafa lokacin da zai dawo. Ku fara zargin kwari, inda ruwa ke kwanciya, da bayan bawul, inda gas ke buɗewa ya yi sanyi.

Ɓarna ta biyu saura ƙiris na yi ta. Na kawo shawarar a sauke matsi ta ɓangarenmu kaɗai, a huta. Wani dattijon ma'aikaci ya ce, "Yaro, kana so ka kashe mu?" Ƙanƙarar tana fara narkewa ne daga jikin bututu, to idan ta saki alhali bayanta cike yake da matsi, sai ta taso kamar harsashi, ta fasa gwiwar bututu ko bawul. Gasa ta da zafi daga tsakiya ma haɗari ne, domin kubik mita ɗaya na ƙanƙarar na iya sakin kusan kubik mita 160 na gas, ga shi babu hanyar fita. Abin da ake yi shi ne a sauke matsi ta ɓangarorin biyu a hankali, ana tura metanol, kuma a ɗauka toshewar ba guda ɗaya ba ce, wataƙila akwai matsi a kulle tsakaninsu. Narkewar na iya cin kwanaki, har makonni, manya na ta bugo waya suna tambayar ganga nawa aka yi asara. Ku ba su lissafin, amma kada ku taɓa bawul ɗin sai ma'aunan ɓangarorin biyu sun daidaita.