Yadda nake rainon furen Iris bucharica a tukunya

Asalin wannan fure gangaren duwatsun Tajikistan da Uzbekistan da arewa maso gabashin Afganistan ne, sunansa ma daga Bukhara aka samo shi. A can yana shan sanyi da ƙanƙara, ya yi fure da ɗan ruwan da ke biyo bayan hunturu, sannan ya kwanta cikin busasshiyar ƙasa duk tsawon watannin zafi. Wannan tsari nake bi a rainonsa, shi ya sa sai a ƙasa mai hunturu sosai yake yi. A ƙasar Hausa, inda ruwa ke zuba lokacin ɗumi, ruɓewa zai yi.

A watan Oktoba nake dasawa. Tukunya mai zurfin santimita 30 nake so, da haɗin ƙasa kashi biyu, yashi mai kaushi kashi ɗaya, tsakuwa kashi ɗaya. Albasar furen, wato tushensa mai kama da albasa da ake dasawa, tana shiga zurfin santimita 10, da tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakaninsu.

Abin da na fi kiyayewa shi ne saiwoyin nan masu kauri da ke rataye a gindin albasar. Cikinsu abincinta yake, ga su da saurin karyewa. In suka tsinke, sau da yawa ganye kawai za a gani a shekarar, ba fure. Don haka nakan tara ɗan tudun yashi a ramin, in ɗora albasar a kai, in shimfiɗa saiwoyin da yatsa a hankali, kafin in rufe. Albasar da aka kawo kasuwa babu saiwa kuwa, ba na sayenta ko da araha.

Ganyen na fitowa kamar na ƙaramar masara, furanni fari da rawaya suna ɓullowa daga hammatar ganyen a Maris ko Afrilu. A gindi nake ba da ruwa, domin in ya kwanta a hammatar nan, kara na ruɓewa. Taki mai yawan fotash nake sawa, naitirojin kaɗan, don yawansa kan sa ganye ya yi laushi. Dodon koɗi da darɓa, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan ganye, su ma sai an sa musu ido. Darɓa na yaɗa cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare.

Da ganye ya bushe wajen Yuni sai in daina ruwa ɗungurungum, in mai da tukunyar inda ruwan sama ba ya kaiwa har Satumba. Bayan shekara uku ko huɗu albasar kan cunkushe, a lokacin hutun nan nake raba su, kowace da saiwarta.