Mako na Shida: Tilawa Kafin Ƙari a Kalmomin Adabin Turanci

'Yan'uwa masu shirin WAEC da NECO, ga inda aikin tara kalmomi ya tsaya a wannan mako.

An rage yawa. Kalma 20 a rana da aka faro da ita ba ta ɗore ba, domin in aka zo bita ranar Asabar sai ka tarar rabi sun gudu. Yanzu bakwai ne kacal, ranar Juma'a kuwa babu sabo. Tsarin makarantar allo muka ɗauka: ba a yin ƙari sai an kawo tilawa. Minti goma bayan sallar Asuba ya wadatar.

A yanka kwali daidai tafin hannu. A gaba a rubuta kalmar tare da jimlar da aka tsince ta a ciki, a baya ma'anarta da Hausa da kishiyarta. Jimlar nan ita ce ran katin, kada a yi kasalar kwafe ta. Sai a raba kwalin takalmi gida uku: na kullum, na bayan kwana uku, na mako-mako. Katin da ka ci ya matsa gaba, wanda ya kayar da kai ya koma gidan farko, ko da ya kai na uku.

Inda aka fi shan wahala shi ne Shakespeare. Takarda ta ɗaya ta WAEC a Adabin Turanci tambayoyi 50 ne na zaɓi, 20 daga cikinsu daga wasan kwaikwayonsa ake cirowa. Su thou da hath da doth ba su ne abin tsoro ba, kwana biyu ka saba da su. Masu kayar da ɗalibi su ne kalmomin da yake ganin ya sani. Wherefore ba "ina" ba ce, "don me" ce. Presently a bakinsa sau da yawa "nan take" ake nufi, still "kullum", want "rashi", fond kuwa mai wauta. Ƙaramin ƙamus ma'anar yau zai ba ka, ka fassara baiti a baibai kana cike da tabbaci. Bayanin gefen shafi ko na ƙasansa shi ne madogara, kuma irin waɗannan katuna da jan biro muke rubuta su.

Sunayen adon magana sun yi sauƙi tun da aka daina haddar bayaninsu da Turanci. Wanda ya yi darasin Hausa ya san kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa, wato simile da metaphor da personification da hyperbole. Biyun da ke rikita kowa ma Hausa ta raba gardama. In Bakano ya ce "fada ta yi magana", Sarki yake nufi, an kira shi da abin da ke tare da shi: metonymy ke nan. In aka ce "hannu da yawa maganin ƙazamar miya", an ambaci gaɓa ana nufin mutum sukutum: synecdoche. "Ya riga mu gidan gaskiya" kuwa euphemism ce tsantsa.

Har yanzu muna da rauni a kalmomin yanayin waƙa, waɗanda ake tambaya a kan waƙar da ba a taɓa gani ba. Kowa sad da happy ya riƙe. Amma melancholic baƙin ciki ne mai sanyi da tunani, despondent na wanda ya yanke ƙauna, indignant kuwa fushin wanda ya ga an yi zalunci. Don haka yanzu kati ɗaya na ɗaukar uku, a jere daga mai sauƙi zuwa mai tsanani.

Mako mai zuwa tushen kalma za a shiga, a fara da bene mai nuna alheri da mal mai nuna sharri: benevolent, malevolent, malice. Wanda ba shi da babban ƙamus ya tara kalmominsa na mako, ya je Laburaren Murtala Muhammad da ke Kano ya duba su a zama ɗaya.