Asabar shida da na yi ina koyar da maganar ƙaddara a zumuntar matasanmu

Abin ya faro ne daga wani bidiyo da wani ɗan'uwa ya turo a gurup ɗinmu na WhatsApp, wani mai wa'azi ne yana cewa wai Yesu bai mutu domin kowa da kowa ba, domin zaɓaɓɓu kawai ya mutu, wato waɗanda Allah ya zaɓa don ceto. Kafin gari ya waye saƙo ya cika waya, wannan ya jeho aya wancan ya maida masa da aya, har wata 'yar'uwa ta yi hushi ta hita daga gurup ɗin. Ran Lahadi bayan an tashi sujada fasto ya ja ni gefe, da yake ni ke riƙe da nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa ran Asabar da marece, ya ce ɗana, maganar ga ba ta waya ba ce, ku zauna ku yi ta ido da ido. Na ce to Baba, amma a ba ni Asabar shida. Ya ce an ba ka.

Abu na farko da na ci karo da shi, kalmar ita kanta. Mu nan Maradi ƙaddara ba kalmar littafi ba ce, kalmar bakin kowa ce, mota ta kife a hanyar Dan Isa a ce ƙaddara, gero ya ƙone a gona a ce ƙaddara, yaro ya faɗi jarabawa a ce haka Allah ya so, kuma yawancinmu Kiristocin garin nan rabin danginmu Musulmi ne, tare muka tashi, da kunne ɗaya muka ji ƙaddara ta riga fata da rabon kwaɗo ba ya hawa sama. To da matasa suka ji an ce Allah ya ƙaddara, abin da ya shiga kansu shi ne an riga an rubuta, zauna ka naɗe hannu. Sai da muka buɗe Romawa 8:29-30 da Afisawa 1:4-5 muka karanta a hankali, muka ga abin da Bulus yake cewa an ƙaddara, wato a mai da mu 'ya'ya ta wurin Almasihu, mu ɗauki kamannin Ɗan, mu zama masu tsarki. Bulus yana maganar ne cikin yabo, yana rubuta wa masu bi da ke shan wuya don ya ƙarfafa su. Da na san haka zai ci lokaci da na ba shi Asabar guda cur shi kaɗai, amma na yi gaggawa don ina ɗokin in kai ga tarihi.

Kuma tarihin nan na zuba shi da yawa, wannan kuskurena ne. Na cika allo da shekaru, ga zafin watan Afrilu, ga an ɗauke wuta fanka ta tsaya. Na ba su labarin Agustin da Felajiyus, malaman Kirista biyu na zamanin da, yadda Felajiyus ya ce mutum yana da ikon yin biyayya ga Allah da ƙarfin da aka halicce shi da shi, Agustin ya ce a'a, zunubi ya riga ya ɗaure zuciya, in ba alheri ya kwance ta ba ba ta iya juyowa, har taron shugabannin ikilisiya a birnin Kartaj na shekarar 418 ya ƙi koyarwar Felajiyus. Na wuce zuwa Irasmus da Luta, 1524 da 1525, ɗaya ya rubuta a kan 'yancin nufin mutum ɗayan ya amsa masa cewa nufin nan bawa ne. Na zo kan Kalbin, Bafaranshen da ya yi aiki a Jeneba ya rasu 1564, sannan Arminiyus na ƙasar Holan da ya rasu 1609, almajiransa suka rubuta ƙorafinsu mai maki biyar a 1610, aka kira babban taro a garin Dort daga 1618 zuwa 1619 aka amsa masu maki bayan maki. Duk cikin wannan abu ɗaya ne ya tada su daga gyangyaɗi, da na ce Agustin ɗan Afirka ne, garin Hippo da ya yi bishop shi ne Annaba ta Aljeriya a yau, maƙwabciyarmu ta arewa. Wani ya ce ashe ba rigimar Turawa ba ce kawai. Na ce a ƙasarmu ta Afirka ma ta fara zafi.

Asabar ta biyu na yi abin da har yanzu yake damuna. Ni dama zuciyata ta fi karkata wajen su Kalbin, masu cewa zaɓen Allah bai dogara ga komai na mutum ba, to da na zo bayanin Arminiyus sai na ce su suna ganin mutum ne ke ceton kansa da zaɓinsa. Wata ƙanwarmu da ke karatu a jami'a nan Maradi ta ɗaga hannu ta ce yaya, ka yi haƙuri, ba haka suka ce ba. Ta ce Arminiyus ma ya yarda mutum matacce ne cikin zunubi, ba ya iya komai sai alherin Allah ya riga ya zo ya taɓa shi, inda suka rabu shi ne ko mutum na iya ƙin alherin nan bayan ya zo, da kuma ko zaɓen Allah ya dogara ga bangaskiyar da ya riga ya hango ko kuwa bai dogara ga komai na mutum ba. Na koma gida na bincika, gaskiyarta. Asabar ta gaba na tsaya gaban kowa na ce na yi wa mutanen nan ƙarya, na gyara. Tun ranar na sa wa kaina doka, ba na bayyana ra'ayin wani sai yadda in yana zaune a wurin zai ce e, haka nake nuhi.

Daga nan na canza salo. Na raba su gida biyu, amma masu goyon zaɓen Allah na ba su ayoyin ɗaya ɓangaren, 1 Timoti 2:4 inda aka ce Allah yana so dukan mutane su sami ceto, 2 Bitrus 3:9, da Matiyu 23:37 inda Yesu yake makoki a kan Urushalima yana cewa sau nawa ya so ya tattara su kamar kaza da 'yan tsakinta amma suka ƙi. Masu goyon 'yancin zaɓi kuma na ɗora masu Yohanna 6:44, ba mai zuwa sai Uba ya jawo shi, da Romawa 9 gaba ɗaya, Yakubu da Isuwa tun ba a haife su ba, maginin tukwane da yumɓunsa. Na ce kowa ya kare abin da ke hannunsa ba tare da ya murɗe shi ba. Wannan ranar ce ta fi kowace amfani a wajen matasa, don kowa ya ɗanɗana nauyin ayar da ya saba tsallakewa, wanda ya turo bidiyon nan da kansa ya tsaya a kan kukan Yesu ya kasa wucewa, ya ce shi dai bai san yadda zai yi da hawayen ga ba.

Asabar ta huɗu ita ce ta kafara, wato domin wa Yesu ya mutu. Na shirya sosai, ina da Yohanna 10:11 makiyayi mai ba da ransa domin tumaki, ina da Afisawa 5:25, ta can kuma ina da 1 Yohanna 2:2 da Yohanna 3:16. Muna cikin yi sai wata uwa daga zumuntar mata, da ta zo sharar majami'a saboda gobe Lahadi, ta ajiye tsintsiya ta zauna a bencin baya tana saurare. Kowa ya san labarinta, ɗanta na fari an yi masa baftisma a nan, ya yi waƙa a kwaya, daga baya ya tafi neman kuɗi ya bar bangaskiya, shekaru ke nan ko gaisuwar Kirsimeti ba ya yi. Da na ce akwai mai tambaya sai ta ce, ɗana, ni ban yi lakwal ba, ban san mutanen ga da kake kira ba, abu guda nika son ka gaya mini, Yesu ya mutu domin yarona ko bai mutu ba? In bai mutu dominsa ba in sani, in bar tashin dare.

Wallahi dukan takardun da ke hannuna suka zama kamar ba komai a cikinsu. Ban amsa da kyau ba a ranar, na ce Inna ki ci gaba da addu'a, Allah mai jinƙai ne, ta ce to, ta ɗauki tsintsiyarta. Daren nan ban yi barci ba, don na gane ina koyar da abin da ban taɓa tunanin yadda zai faɗa a kunnen uwa ba.

Cikin satin na koma na karanta abin da taron Dort ɗin ya rubuta da kansa, ba abin da masu bidiyo ke cewa ya rubuta ba, sai na tarar su da ake ce wa masu tsauri sun ce mutuwar Almasihu darajarta ba ta da iyaka, ta isa ta wanke zunubin duniya duka har ta yi saura, kuma sun ce dole a yi shelar alkawarin bishara ga dukan mutane ba tare da bambanci ba, wanda ya hallaka kuma ba don hadayar ta gaza ba ne, laifinsa ne. Inda suka tsaya shi ne nufin Allah ne amfanin ta ya tabbata a kan zaɓaɓɓu. Su Arminiyus kuma sun ce ya mutu domin kowa amma mai ba da gaskiya ne kaɗai ke cin moriya. To ka ga duk ɓangarorin biyu ba wanda ya ba ni izinin in dubi tsohuwar nan in ce ɗanki ba ya ciki. Ba wanda aka nuna wa littafin rai. Maimaitawar Shari'a 29:29 ta ce asirai na Ubangiji ne, abin da aka bayyana shi ne namu da 'ya'yanmu, kuma abin da aka bayyana a Yohanna 6:37 shi ne duk wanda ya zo ba za a kore shi ba.

Asabar ta biyar na roƙi wani dattijon ikilisiya ya zo ya zauna da mu, manomi ne, gonarsa na wajen gulbi, iyayensa na cikin waɗanda suka karɓi bishara tun zamanin da mishan suka zauna Tsibiri. Muka karanta Ayyukan Manzanni 27, jirgin da ya ɗauko Bulus zuwa Roma, mutum 276 a ciki, hadari ya kama su kwana da kwanaki, mala'ika ya gaya wa Bulus ba ran da zai salwanta. Magana ta ƙare ke nan, Allah ya faɗa. Amma da matuƙan jirgin suka so su sulale cikin ƙaramin kwalekwale su gudu, Bulus ɗin nan dai ya ce wa sojoji in mutanen ga ba su tsaya cikin jirgi ba, ba za ku tsira ba. Na tambayi matasa to wanne ne gaskiya, alkawarin ko gargaɗin? Aka yi shiru. Baba ya gyara zama ya ce, ku yara, mi ke da wuya a nan? Ni kowace shekara ina yin binne tun ƙasa na bushe, ban da iko da ɗigon ruwa ko guda, wata shekara iri ya ruɓe in sake, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙi shuka don ruwa na hannun Allah ya ɗaure dami ba. Wanda ya ba da damina shi ya ba da hauya. Wani ya ce Baba amma ai wannan bai warware ko wa ya fara ba, Allah ko mutum. Ya ce Allah mana, wa ya tada kai da sahe? Sannan ya sa aka karanta Filibiyawa 2:12-13, ku yi ta aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne ke aiki a cikinku.

Ba zan ce misalin gona ya kashe gardamar da ta fi shekara dubu da ɗari biyar ba, bai kashe ba, yaron nan yana da gaskiya. Har yau in na karanta Romawa 9 akwai inda nake tsayawa numfashina ya yi nauyi. Amma a Asabar ta ƙarshe na gaya masu inda ni na tsaya, don bai kamata malami ya ɓuya bayan wai wasu sun ce wasu sun ce ba. Na ce ni na gaskata ba ni na nemi Allah ba shi ya neme ni, in na duba rayuwata ban ga wani wayo ko kirki da ya sa na ba da gaskiya ɗan'uwana da muka sha nono ɗaya bai bayar ba, don haka ba ni da abin fahariya ko kaɗan. Amma bakina ba zai iya cewa wani mutum mai rai Yesu bai mutu dominka ba, kuma wanda ya ƙi, shi ya ƙi, ba a tura shi ba. Ƙanwar nan ta jami'a ta ce ita har yanzu tana ganin alheri ana iya ƙinsa, na ce na ji, zauna kusa da ni. Na ba su labarin Wesli da Witfil a Ingila, abokai ne masu wa'azi da suka rabu a kan wannan maganar wajen 1740 har da rubuce-rubuce a bainar jama'a, amma da Witfil ya rasu a 1770 Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan, kuma Witfil ɗin ne ya so haka.

Bayan an tashi na bi Inna har gida, na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta na ce Inna ranar nan ban ba ki amsa ba. Na ce jinin Yesu ya isa domin ɗanki, ƙofa a buɗe take gare shi muddin yana numfashi, kuma Allahn da kike tashi dare kina kira yana da ikon juya zuciyar da ni da ke ba mu iya juyawa. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce to ku riƙa sa sunansa in kun taru. Yanzu kowace Asabar kafin mu buɗe littafi sai mun ambace shi, wanda ya turo bidiyon nan ne ma ya karɓi lambarsa yake tura masa gaisuwa, sau biyu ya amsa, na biyun ya tambayi lafiyar tsohuwarsa.