Godiyarmu bayan dashen na'urar ji da aka yi wa autarmu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an yi wa autarmu aikin dashen na'urar ji, an kunna, kuma ta fara ji. Ni da maiɗakina muna miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana.

Sanƙarau ne ya kwantar da ita a zafin bara. Allah Ya tashi kafaɗunta, amma sai a yi ta kiranta ba ta waiwayo ba, 'yan kalmomin da ta iya ma suka fara zubewa. Wasu suka ce miskilanci ne, wasu suka ce iska. Allah Ya saka wa likitocin sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da suka ce a auna jin tukuna. Tana barci aka manna mata wayoyi a goshi da bayan kunne, na'ura tana duba ko jijiyar ji tana amsa sauti. Rashin jin ya haura desibel 90 a ma'aunin ƙarfin sauti, matakin da na'urar maƙalawa mai ƙara sauti ba ta cika wadatarwa ba. Likita ya ce kada mu yi sanya, domin bayan sanƙarau ƙashi kan toho ya toshe can cikin kunne, wurin nan da ya nannaɗe kamar dodon koɗi, inda ake zura siririyar wayar na'urar da ake dasawa.

Kuɗin kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Kawu ya sayar da filinsa bai ko shawarce mu ba. Abokan sana'ata na Kantin Kwari sun haɗa, jama'ar masallacin unguwa sun haɗa, matan adashi suka bar wa maiɗakina kwasa alhali ba zagayenta ba ne. Waɗanda suka turo suka ce a sakaya sunansu, Allah Ya san ku.

Masu tambaya ko ta yi magana ranar da aka kunna: a'a. Sai da ciwon aikin ya warke, bayan 'yan makonni, aka ɗora mata na'urar waje mai aika wa ta ciki sauti, wadda maganaɗisu ke riƙewa a kai. Kuka ta fasa, tana neman fizge ta, don sautin baƙo ne a wurinta. Har yanzu muna komawa saiti, muna zuwa wurin mai koyar da magana, baiwar Allah mai haƙurin gaske. Yanzu in aka buga ƙofa tana juyawa.

Malaman makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki da suka koya mana maganar hannu, mun gode. Ba za mu bar maganar hannun ba, tunda in an cire na'urar don wanka ko barci, ba ta ji.

Masu zuwa dubiya, don Allah a fuskance ta a yi mata magana a hankali, ban da ɗaga murya. Allah Ya bar zumunci, Ya ba sauran marasa lafiya lafiya, amin.