Mita huɗu a barandar asibiti

Kuskuren da ya fi ciwo a asibitin karkara, ko a Kano ko a Jigawa, shi ne a ga dattijon da bara yake shigowa da zafin nama, bana yana jan ƙafa, a ce "Baba ya ƙara natsuwa", a ba shi farasitamol a kira na gaba. Mun tashi da jin "sauri ya haifi nawa", mun saba ganin malami da basarake suna taku ɗaiɗai, shi ya sa muke ɗaukar sanyin tafiya a matsayin kamala. Sau da yawa kuwa ƙarancin jini ne, ko sikari ya kashe tafin ƙafa, ko zuciya ta fara gazawa, ko damuwa ce ta danne shi tun rasuwar uwargida. Mai ciwon damuwa tafiyarsa a hankali take, hannuwa ba sa lilo sosai, kafaɗa a sake, kai a sunkuye. Ogan da ke ce wa ƙaramin ma'aikaci "rubuta tsufa kawai, layi ya yi tsawo" shi ke shuka wannan sakaci, kuma idan abin ya ɓaci, sunan ƙaramin ne a kan katin.

Awon saurin tafiya ba ya cin minti biyu. A ja layi biyu da alli a kan siminti, mita 4 tsakaninsu, a bar fili gaba da baya. A ce, "Baba, taka yadda ka saba." Kada a ce yadda kake zuwa masallaci, domin an hore mu da zuwa salla cikin natsuwa. A danna agogon waya idan ƙafa ta ƙetare layin farko, a tsayar a na biyu, a maimaita, a ɗauki wanda ya fi sauri. Ya haura daƙiƙa 5, wato bai kai mita 0.8 a daƙiƙa ba, sai a zauna a duba jini, sikari da bugun zuciya, a tambayi barci da cin abinci.

Abubuwan da ke ɓata awon sanannu ne: rairayi irin na wajen Gumel da Maigatari, tsinkakken silifas, faso a lokacin hunturu, azumi, mutumin da ya tako daga wani ƙauye bai huta ba. Mace kuwa, muddin surukinta na zaune a benci, kunya za ka auna.

Batun cewa saurin tafiyar mutum yana nuna halinsa, akwai ƙamshin gaskiya. Wani bincike na 2018 a kan Amurkawa sama da 15,000 ya nuna masu son shiga jama'a da masu tsari a lamuransu sun fi sauri, masu yawan fargaba sun fi jinkiri. Masanin halayyar ɗan Adam Robert Levine ya auna tafiyar mutane a ƙasashe 31, ya wallafa a 1999: inda rayuwa ta fi gudu mutane sun fi cewa suna jin daɗinta, amma ciwon zuciya ya fi kisa a can. Wannan lissafin taron jama'a ne. Ba ya ba kowa damar kiran mai sanyin tafiya malalaci ko maras walwala.

Abin da ke da amfani shi ne a gwada mutum da kansa. A rubuta daƙiƙoƙin a katinsa da kwanan wata, a sake bayan wata shida. Tsohuwar da ta fita takaba tana ɗaukar daƙiƙa 7 inda da 4 take yi, a jawo mata kujera a tambaye ta, "Inna, wa ke kwana da ke a ɗaki yanzu?"