Yadda muka gane itatuwan wani lambun Ingila daga Gusau

Sana'ata rainon dashe ce a nan Gusau: mangwaro, gwaiba, darbejiya da 'yan furannin ƙawata gida. Shi ya sa da ƙanwata da mijinta suka kama haya a Mancesta cikin watan Janairu, ni ta fara turo wa hotunan bayan gidan ta WhatsApp. Sanduna ne tsirara tsaye cikin laka, ko ganye ɗaya babu.

"Yaya, duk sun mutu fa. In sa a sare su?"

Na ce ta dakata. Duk wanda ya san kuka da rani ya san itace kan zubar da ganye kaf alhali yana nan da ransa. Sai dai a can sanyi da gajartar yini ne ke sa su hakan. Na sa ta kankare ɓawon wani reshe da farce, sai ga cikinsa kore shar, da danshinsa.

Mun gwada manhajar PlantNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka samar. Tana da amfani sosai in akwai ganye ko fure, amma a kan busasshen reshe amsarta ta yi ta sauyawa. Sai muka koma ga abin da mai dashe ke dubawa kullum, wato idon toho. Biyu-biyu suke suna fuskantar juna, ko ɗaya nan ɗaya can? Wannan tambaya kaɗai takan rage maka rabin aiki. Daga nan sai launin ɓawo, sai cikin reshe in an karya shi.

Wani mai jajayen rassa wur, idanunsa biyu-biyu, shi ne Cornus alba, wanda ake shukawa saboda wannan ja ɗin da yake yi da hunturu. Wani kuma ɓawonsa duk ƙuraje, da ta karya shi ta ga rami a ciki. Na ce ina kyautata zaton Forsythia ne, mu jira. A ƙarshen Maris ya rufe da fure ruwan ɗorawa tun ganye bai fito ba. Na kusa da katanga sai a Mayu ya bayyana kansa: lailak ne, Syringa vulgaris, mai ƙamshin da ta ce har ɗakin girki yake shigowa. Su biyun nan tun bara suke ɗaure idon furensu, saboda haka wanda ya datse su da hunturu ya yi asarar furen shekarar. Da zarar fure ya kaɗe ake sa musu almakashi.

Sunayen Latin ɗin nan, tsarin da Linnaeus ɗan Siwidin ya kafa a 1753, su suka haɗa mu. Da su take zuwa wurin masu sayar da dashe na can su tabbatar mata.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne guba. Mu mutanen miyar ganye ne, in muka ga tsiro mai kyau a bayan ɗaki, tukunya muke fara tunawa. A Fabrairu wasu ganyaye suka ɓullo daga ƙasa, ta tona ta ga kai sak albasa. Na ce ta shinshina. Babu warin albasa ko kaɗan. Dafodil ne, kuma cin kansa na sa amai da murɗar ciki. Shingen da bai zubar da ganye ba, mai siraran ganyaye kore mai duhu, Taxus baccata ne. Ganyensa da ƙwallon da ke cikin jajayen 'ya'yansa suna iya tsayar da zuciya, ga shi tana da yara ƙanana masu kai komai baki. A ranar na sa ta yi wa mai gidan magana, aka kewaye wurin da raga.

Rubab kuwa ya fi ruɗarwa, don rabinsa abinci ne. Jan karansa mai tsami ake dafawa da sukari, faffaɗan ganyen kuma ba a cinsa sam. Na sa ta rubuta hakan da Hausa a jikin katako ta kafa a gindinsa, saboda surukarta na zuwa daga Talata Mafara da damina, kuma Hajiya ba ta wuce ganye mai kyau ba ta tsinka ba.