Abin da duwatsun kaburburan Ayilan suka koya mini

A kwas ɗin tarihi da na yi a Ayilan, an tura mu kwafe rubutun da ke jikin duwatsun kabari a wata tsohuwar makabartar coci a yankin Cork, saboda masu neman asalin kakanninsu. Dogaron da mutanen can suke yi da dutse yana da dalili. A 1922, farkon yaƙin basasa, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke harabar kotunan Four Courts a Dublin ta ƙone, ta tafi da kusan duk takardun ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851. Rajistar haihuwa da mutuwa kuwa sai 1864 gwamnati ta fara ta. Kafin nan, in ba littafin coci ba, sai dutse.

Wajen karanta rubutun, ba a kankare gansakuka da burushin ƙarfe, ba a shafa alli, domin duk suna cin dutsen. Da yamma ake zuwa da tocila a haska daga gefe, inuwa ta cika ramukan haruffa, sunan da ya ɓuya da rana ya fito sarai.

Abin da ya fi zauna mini shi ne, maganar da ke kan dutse ta mai rai ce. Da yawa suna farawa da sunan wanda ya biya kuɗin sassaƙa, sau da yawa ɗa ne da ke Boston ko New York, wanda ya aiko da kuɗi shekaru bayan rasuwar mahaifinsa. Abin da ya tuna ya sa aka rubuta. Shi ya sa shekarun mamaci kan saɓa wa littafin baftisma, kuma ban ga laifinsa ba, mutumin da ya bar gida yana yaro me zai riƙe? Ga kuma takwara: ɗan fari akan sa masa sunan kakansa na wajen uba, kamar yadda muke yi, sai ka tarar da Patrick uku a dangi ɗaya. Sunan ƙauye ne ke raba su, sai a duba shi a kundin ƙimar filaye na Griffith, na 1847 zuwa 1864, da littattafan cocin Katolika da Laburaren Ƙasa ya ɗora a intanet a 2015.

Akwai kuma waɗanda ba su da dutse ko kaɗan. A babbar yunwar 1845 zuwa 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, kuma a makabartar Abbeystrowry kusa da garin Skibbereen dubbai aka binne a ramuka, babu suna. Zuriyar irin waɗannan talakawa ce ke tahowa daga Amurka da takarda a hannu. Malaminmu ya hana mu nuna musu dutsen wani don kawai sunan dangi ya zo ɗaya. Mukan kai su ƙauyen da littafin coci ya ambata, mu gaya musu cewa shaidar da muke da ita iyakarta ke nan.